Ɗigon Jan Fentin Mai Kunne

Shagon yana ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene, daidai inda hanya take fara hawa gadar jirgin ƙasa. Faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Daga gaba kanta ce ta kayan keke, tayoyi a rataye, ƙararrawa da robar birki a cikin gwangwanaye. Daga ciki kuwa, inda rufi ya karkato har sai dogon mutum ya sunkuya, akwai benci, da guntuwar kujera mai ƙafa uku, da igiyoyi biyu da suka sauko daga sama, kowacce da ƙugiya a bakinta. Da su ake rataye keke. A kan kujerar nan wani mutum ya yi shekara arba'in da ɗaya, har katakon ya lotsa daidai zamansa. Mai Kunne ake ce masa.

Kunnuwansa ba su fi na kowa girma ba. Sunan ya kama shi ne tun yana saurayi, lokacin da kekuna masu giya suka fara yawa a titi, tsofaffin masu gyara suna korar masu su, suna cewa wannan ba keke ba ne, agogo ne aka sa wa taya. Shi ya samo wani matacce a wurin masu tsohon ƙarfe, ya kwance ya ɗaura, ya kwance ya ɗaura, har ya san halinsa ciki da waje.

Giyar baya ba ta da wuyar ganewa. Akwai liba a hannun keke, ɗan mariƙin da ake dannawa a canja giya. Daga ita siririyar wayar ƙarfe ta bi cikin baƙar rigarta har wajen tayar baya, ta kama wani ɗan hannun ƙarfe da ke tura sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan. A inda wayar ta shiga hannun ƙarfen akwai ɗan noti mai siffar ganga, da yatsa biyu ake murɗa shi. Gangar ce take ƙara wa waya ja, ko ta sassauta ta. In ja ya gaza ko ya yi yawa, sarƙa ba za ta zauna a tsakiyar faifanta ba, sai ta riƙa gogar na kusa tana wani siririn kuka, kamar ana kaɗa allura a bakin kofi. Sauran masu gyara ido suke zuba wa abin. Shi runtse nasa yake yi. Ya juya feda da dama, hagu tana kan ganga, ya karkatar da kai, yana murɗawa kaɗan-kaɗan har kukan ya mutu. Inda ya mutu, nan ne saiti.

Yana kuma da wata ɗabi'a da ba a san wani mai gyara da ita ba. In ya gama, sai ya ɗauko 'yar kwalbar jan fenti, ya tsoma tsinken ashana, ya ɗiga ɗaya a kan ganga, ɗaya a jikin ƙarfen da ke gabanta, ɗigon biyu suna kallon juna. Sannan ya ce wa mai keke ya dawo bayan kwana uku. Sabuwar waya miƙewa take yi, kwana uku sai ta nemi a ƙara mata rubu'in murɗi. Ranar ta uku ya duba inda ya bar aiki, ya ƙara rubu'in, ya kankare tsohon ɗigo ya sa sabo. In an tambaye shi amfanin wannan kwalliya, yakan ce shi yana mantuwa, fentin ba ya yi.

Mai kantar gaba ƙanensa ne, Auta. Shekara goma sha huɗu ce tsakaninsu. Uwarsu ta rasu Auta yana aji biyu, don haka a ɗakin Mai Kunne ya tashi, kuma matar Mai Kunne ta yi masa wanki da jinya tun kafin ta yi wa 'ya'yan cikinta. A bencin nan ya koyi gyara. Hannunsa ba laifi, amma ransa yana wajen saye da sayarwa, sai wan ya raba shagon biyu ya ba shi bakin titi. Yanzu Auta ya yi furfura, ya ajiye tumbi, har ya aurar da 'ya, amma Auta dai ake kiransa. Tun da gwiwar Mai Kunne ta fara ciwo, shi ke gwajin keke. A sauke daga igiya, ya hau, ya zagaya ta bayan benen, ya dawo ya ce, "Ya yi, Yaya." Shekaru ana haka.

Abin da ya sami Mai Kunne bai zo masa rana ɗaya ba. Da farko mutane ne suka koyi magana ciki-ciki. Daga nan rediyon gida ya yi rauni, aka canja masa batir bai ji sauƙi ba. Matarsa takan kira shi sau uku daga wajen murhu, ta gaji ta taso ta taɓa kafaɗarsa. Jirgi in zai wuce yana sani, amma ta tafin ƙafa. A shago kuwa kekuna suka zama masu ladabi: da ya taɓa ganga kaɗan sai kuka ya ɗauke. Ya ɗauka hannunsa ne ya ƙara gwaninta.

Wata malamar makaranta ce ta dawo da kekenta ranar ta uku. Ya rataye shi, ya sunkuya zai ƙara rubu'i, sai ya ga ɗigo ɗaya. Na jikin ƙarfe yana nan. Na ganga sai da ya leƙa ta ƙasa ya same shi. Rabin murɗi cif. Ya sha ganin haka a watannin nan yana ɗora wa masu kekunan laifi, yau dai ya tambaya.

"Malama, wani ya taɓa miki keken nan?"

"Wa zai taɓa, Baba? Ni ko famfo ban iya bugawa ba."

Da ƙarfi ta faɗa, kamar mai magana da 'yan bayan aji. Ya mai da ganga kan ɗigonsa, ya juya feda, ya saurara. Shiru. Ya mai da ita inda ya same ta, ya sake juyawa. Shiru. Duka biyun ɗaya suke a kunnensa. Amma ya lura da abu guda: sanda gangar take kan ɗigonsa, malamar ta ɗan yamutsa fuska, da ya mayar inda ya same ta sai fuskarta ta saki. Ya daɗe riƙe da fedar, taya tana juyawa har ta tsaya da kanta.

A makon nan kekuna uku suka ƙara dawowa. Duka ukun ɗigo yana ƙasa. Ranar da ya gama gyaran wani keken daban, Auta ya hau ya tafi gwaji, shi kuma ya tashi a hankali ya bi ta lungun da ke tsakanin benen da shagon tela, ya tsaya bayan wani tulin katako. Auta ya ɓullo, ya taka birki, ya sauka. Ya waiga sau ɗaya. Ya tsuguna ya murɗa ganga, ya miƙe ya hau. Ko feda bai juya don ya saurara ba. Hannun ya saba, kamar na mai kashe famfo.

Mai Kunne ya riga shi komawa, ya zauna a kujerarsa.

"Ya yi, Yaya."

"Madalla."

Da yamma ya tarar da matarsa a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ya zauna daf da ita, inda zai ga bakinta.

"Tun yaushe Auta yake bin bayana?"

Hannunta ya tsaya. Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar, ta fitar da wata.

"Shekara ta zagayo."

"Ashe ke ma kin sani."

"Ni na sa shi, Malam. Mutane sun fara wucewa da kekunansu gaba. Ya zo nan yana share hawaye, ya ce ya rasa yadda zai gaya maka. Na ce to kar ya gaya, ya gyara a ɓoye."

"Su masu kekunan fa?"

"Wasu sun sani."

Bai tambaye ta su wane ba. Ta ce babbar 'yarsu ta yi maganar asibiti, akwai abin da ake maƙala wa mutum a kunne. Ya ce ya taɓa gwada na maƙwabcinsu, abin ya kwaso masa titi gaba ɗaya ya zuba a ka, ham ɗin motoci da babur da masu talla, a cikin wannan hayaniya ina za a tsinto kukan sarƙa? Ta kawo abinci. Ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi.

Bai ce wa Auta uffan ba. Sau biyu maganar ta zo har bakinsa. Amma in ya ce kar ya sake taɓa ganga, ya amsa kenan cewa ya san dalilin taɓawar, kuma harshensa ya ƙi ɗaukar wannan.

Kwana goma suka wuce babu aikin giya, sai faci da ɗaurin birki. Da rana, in Auta ya tafi gida cin abinci, Mai Kunne yakan rataye wani tsohon keke da aka daɗe da mantawa a shagon, ya yi ta juya feda yana kasa kunne, ko wani abu zai dawo. Wata rana hannuwansa biyu suna aiki, ya sa ƙotar sukundireba a baki kamar yadda ya saba tun ƙuruciya, ya sunkuya, tsinin ya dafa jikin keke. Sai ya ji shi. Ba a kunne ba, a muƙamuƙi, can bayan turamen haƙori: allura a bakin kofi. Ya ɗago, shiru. Ya sake dafawa, ga shi nan.

Ya cije ƙotar da kyau, ya kama ganga. Ya murɗa har kukan ya mutu a cikin haƙoransa, sannan ya duba. Rabin murɗi gaba da inda kunnensa yake tsayar da shi. Ashe shekara guda Auta yana da gaskiya. Abin bai yi masa daɗi ba. Daga nan ya ɓata saitin da gangan, ya runtse ido, ya sake nemowa. Ya yi sau ashirin a ranar, sau ashirin yana faɗawa wuri ɗaya. Ya koma gida muƙamuƙi yana ciwo, ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Rana ta huɗu da fara haka Auta ya dawo da wuri, ya same shi a durƙushe, ido rufe, sukundireba a baki, goshi ya kusa taɓa taya. Ya tsaya a bakin kanta. Da Mai Kunne ya buɗe ido ya gan shi, sai ya cire abin ya goge a riga. Auta ya koma kantarsa kamar bai gani ba. Amma da yamma matarsa ta riƙa kallonsa a fakaice, ta tambaye shi ko yana jin jiri, ko kansa yana masa nauyi.

Washegari Dogo yana shagon aka yi maganar. Dogo mai kai burodi ne. Shekara talatin yana ɗauko shi daga gidan burodin da ke ƙetaren gada, akwati uku a kan kariyar bayan keke, yana rarraba wa kantuna. Shi da Mai Kunne tare suka tsufa, ba a taɓa jin sun gaisa ba tare da tsiya ba. Ya tsaya shan iska ne a kan benci, Auta ya zagayo daga kanta yana murza hannu.

"Yaya, akwai shawarar da nake so in kawo."

"Kawo."

"Babura sun ci titi. Kullum sai an tambaye ni kayansu, ina cewa babu. Bencin nan da igiyoyin nan in an kawar, kanta uku za ta shiga. Kai kuma ka huta haka nan. Yara sun girma, ba ka rasa komai ba. Gwiwar nan ma…"

"Gwiwa ce?"

Auta ya dubi ƙasa. "Gwiwa ce, Yaya."

Mai Kunne ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Shagon da sunansa aka san shi, da ya ce a'a magana ta ƙare. Amma ba ya son zaman da aka bar masa don kunya.

"Ranar da keke ya fita daga hannuna ya dawo yana kuka, ran nan zan ɗauke kujerata. Dogo, ka shaida."

"Na shaida," in ji Dogo. "Amma kujerar nan ko ka bari ba mai iya zama, ta riga ta ɗauki siffar mazaunanka. Sai dai a kai ta gidan tarihi, kai ma a haɗa da kai."

"Kai za a rataye a ƙofa a matsayin tsani."

Suka yi dariya su biyu. Auta ya ce, "To, Yaya," ya koma kantarsa.

Kwana biyu tsakani, Dogo ya turo kekensa. Giya ta maƙale a faifan ƙarshe, ya hau gada a ƙasa yana turi. Mai Kunne ya rataye keken ya duba. Wayar ta tsattsage a bakin noti, zare uku suka rage.

"Shekara nawa wayar nan?"

"Kai ka sa ta, ni zan ƙirga maka? Aikinku kenan, ku sa abu ya lalace bayan shekara shida kacal."

Mai Kunne ya jawo kayan aiki. Ya san wannan ne aikin giya na farko tun da ya yi alkawari, Auta ma ya sani, don ya bar kanta ya jingina da bango. Ya sauke liba har ƙarshe, sarƙa ta zauna a ƙaramin faifai. Ya kwance notin da ke danne waya, ya datse bakin da ya tsattsage don kar ya yagi riga, ya zare tsohuwar ta wajen liba. Ya cire baƙar rigar guntu-guntu, ya hura kowanne, ya ɗaga wa haske. Guntun baya ya lanƙwashe, ya yanka sabo daidai tsawonsa, ya buɗe bakin da tsinin kusa. Ya shafa wa sabuwar waya mai da yatsa biyu, ya zura ta cikin liba har kanta ya zauna a gurbinsa, ya bi da ita riga bayan riga har baya. Ya murɗa ganga ciki har ta tsaya, ya dawo da ita murɗi ɗaya. Ya kama bakin wayar da filaya ya ja, ya kwantar da ita a cikin tsagarta, ya ɗaure noti. Ya sa babban yatsa a tsakiyar wayar ya danna sau uku don ta fara miƙewarta tun a nan, ya kwance, ya sake ja, ya sake ɗaurewa. Ya bar tsawon yatsa uku ya datse, ya sa wa bakin hula ya matse. Ya duba kusoshi biyu masu hana sarƙa wuce iyaka, suna nan lafiya.

Saura saiti. Ya dubi Dogo, ya dubi Auta. Sannan ya ɗauki sukundireba ya sa a baki, ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ya dafa tsinin a jikin keke.

"Ikon Allah," in ji Dogo. "Yunwa ce ta kai ka cin ƙarfe? Ai da ka yi magana, ga burodi."

Mai Kunne bai ga bakin Dogo ba, don ya riga ya runtse ido. Ya juya feda, ya miƙa hannu ya danna liba ɗaya. Sarƙa ta yi jinkiri, tana son hawa tana fasawa. Ya ƙara wa ganga, ta hau. Kukan ya cika masa haƙora. Ya ƙara rubu'i, ya ragu. A nan ne da kunnensa zai ce ya isa. Ya ƙara, ya ƙara kaɗan, kukan ya yi siriri, ya yi siriri, ya mutu. Ya bi giya bakwai har sama, ya sauko da su har ƙasa, kowacce ta faɗa gurbinta ba gardama. Ya sake bi sau biyu. Shekara arba'in da ɗaya, bai tuna saitin da ya fi wannan tsabta ba.

Ya cire sukundireba, ya tsoma tsinke, ya ɗiga ja a ganga, ya ɗiga a ƙarfe. Auta ya matso ya miƙa hannu.

"Kawo in zagaya, Yaya."

"Bar shi. Na gama."

Da kansa ya sauke keken ya danƙa wa Dogo. "Kwana uku. Kar ka ce ka manta."

"In na manta ka aiko min da wasiƙa."

Dogo ya tura keken waje. Mai Kunne ya zagaya famfon bayan matattakala ya wanke hannu. Ya ɗauki lokaci, yana bin ƙarƙashin farce da sabulu, yana jin wani sanyi a ƙirji da ya daɗe bai ji ba. Da ya dawo babu kowa a kanta. Jim kaɗan Auta ya shigo riƙe da ruwan leda biyu, ya miƙa masa ɗaya.

Da hantsi washegari Dogo ya dawo. Turo keken yake, yana ɗingishi. Wandonsa ya yage daga gwiwa, an ɗaure masa ƙauri da bandeji, jini ya huda. Akwatin sama ya fashe, burodin da ya rage a ciki ya kwashi ƙasa. Tela ya fito, mai shayin bakin gada ya biyo shi da wani burodin da ya tsinto.

Dogo ya yi magana, Mai Kunne bai kama ba. Ya maimaita da ƙarfi, kuma babu tsiya a ciki, abin da ya fi tsiyar ciwo.

"A tsakiyar gada, abokina. Na miƙe a kan feda da kaya, sarƙa ta yi tsalle, ƙafa ta tafi. Allah ya sa motar da ke baya tana da birki. Tun jiya take kuka, na ce ko sabunta ce."

Mai Kunne ya rataye keken. Ya san abin da zai gani, amma ya sunkuya ya duba. Ɗigon jikin ƙarfe yana nan shi kaɗai. Ya sa yatsa biyu ya mai da ganga baya, rabin murɗi, ja ya dawo yana kallon ja. Bai ɗauki sukundireba ba. Ya juya feda, ya bi giya bakwai sama da ƙasa, idonsa a kan fuskokinsu.

"Yauwa," in ji Dogo. "Yanzu kam ta yi shiru. Da tun jiya haka ka yi."

"Dogo, jiya da ka fita, ina ka tsaya?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ya dubi tela, tela ya dubi titi.

"Bayan bene. Kar ka ji haushi, ai haka ake yi, kowa ya sani. Mu karɓa a wurinka, Auta ya ɗan ƙarasa. Ba don a ci maka fuska ba ne." Ya gyara tsayuwa a kan ƙafa mai lafiya. "To ka ga, har da taimakon nasa ga abin da ya faru. Da bai taɓa ba fa? Da yanzu ana wani zancen."

Mai shayi ya gyaɗa kai. Tela ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Mutum biyu ne kawai a wurin suka san me rabin murɗin nan yake nufi. Mai Kunne ya juya ya dubi na biyun. Auta ya ga saiti jiya, ya ji shirun yanzu da kunnuwansa masu lafiya, kuma a bencin nan ya koyi aiki. Magana ɗaya ce. Mai Kunne ya jira ta, idonsa a kan leɓen ƙanensa don kar ta fito ta wuce shi.

Auta ya ɗauki gwangwanin ƙararrawa ya matsar da shi, ya dawo da shi inda yake. Ko sabo ne ya kai hannunsa jiya, ko tausayi, ko kantoci uku, ba wanda ya tambaye shi, watakila shi ma bai tambayi kansa ba. Leɓen ya motsa.

"Yaya ya gaji ne kawai."

Mai Kunne yana iya nuna musu ɗigon. Yana iya cewa ku dubi inda na bari, ku dubi inda aka kai. Sai jinin ƙaurin Dogo ya koma kan Auta, yaron da ya goya zuwa asibiti ranar da ƙyanda ta kama shi, a gaban tela da mai shayi, kuma kafin la'asar titi ya ɗauka. Bayan haka ma, wa zai karɓi shaidar kurma a kan ƙara? Ya sauke keken ya ba Dogo. Ya sa kwalbar fenti da sukundireba a aljihu. Ya kama ƙafa ɗaya ta kujerar ya ɗauke ta.

"Yaya, ba yau ba mana," in ji Auta. "Ba wanda ya kore ka."

"Keke ya dawo yana kuka. Dogo shaida ne."

Ya sunkuya ya fita daga ƙarƙashin matattakala.

Matarsa ta gan shi da kujera ba ta yi tambaya ba, labari ya riga shi zuwa. Ta karɓa ta goge ta da tsumma, ta ajiye masa a bakin ƙofa wajen inuwa. Da ta kawo ruwa ta durƙusa inda zai ga bakinta.

"Kar ka riƙe Auta a zuciya, Malam. Shekara guda yana rufa maka asiri. Ba kowane ƙane zai yi ba."

"Haka ne," ya ce.

Ranar ta uku yana zaune a bakin ƙofa sai ga Dogo ya karyo kwana, yana turo keke, ɗingishin ya ragu. Ya jingina shi da bango ya zauna a dakali.

"Ka ce kwana uku. Na je shago na tarar kafinta ya cika wurin da katako, igiyoyinka suna ƙasa. Na ce ni ba kanta ta sa min waya ba."

"Ƙafar fa?"

"Tana nan. Ta yi tsawo da yawa dama, an rage mata."

Mai Kunne ya sa shi ya ɗaga tayar baya ta kariya. Ya durƙusa, ya ciji sukundireba, ya dafa, ya juya feda. Waya ta miƙe kamar yadda ya san za ta yi, kukan yana nan siriri a bayan turame. Ya ƙara rubu'i, ya mutu. Ya kankare tsohon ɗigo da farce, ya buɗe kwalba ya sa sabo.

"Shi kenan. Ba za ta sake nema ba sai ta tsufa."

"Allah ya saka, abokina. Hannun nan dai yana nan." Dogo ya dafa kafaɗarsa, ya faɗa da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo.

Layin gidan ya ƙare ne a mararraba. Hagu ita ce hanyar gidan Dogo, dama ta nufi shago. Mai Kunne ya bi shi da ido. Dogo bai hau ba. Ya tura keken a hankali har ƙarshen layi, ya tsaya, ya waiga sau ɗaya, ya ɗaga hannu. Sannan ya yi dama.

Mai Kunne ya koma kan kujerarsa. Kwalbar fentin tana ƙasa kusa da ƙafarsa, tsinken a ciki, murfin a gefe. Inuwa ta janye daga bakin ƙofa, rana ta kai kanta. Da matarsa ta fito kiransa cin abinci ta ga abin, ta sunkuya za ta rufe.

"Bar ta," ya ce.